Baffa da Gonar da Ba Tasa Ba

Baffa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗowa ta gabas yana watsewa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, kafin la'asar kuwa tabarmin ƙofar gida sun kasa ɗaukar jama'a. Yayan mahaifina ne, shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Na zauna rubuta wannan ne don na san halin garinmu: kwana arba'in ake ambaton mutum, daga nan sai filin da ya bari kawai ake tunawa.

Ni dillalin hatsi ne a kasuwar Makarfi, sana'ar da ta koya mini in kalli idon mutum kafin in saurari bakinsa. To, a kwana ukun nan na zaman makoki na kalli idanu da yawa, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. An zo daga Furana, an zo daga Malikanchi, har daga Likoro an yi ayari a kan babura. Mutum zai durƙusa ya ce, “Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta,” a shafa fatiha, amma da ya miƙe sai ka ga wuyansa ya karkata yamma da gari, wajen da gonar take.

Akwai wani Alhaji mai gidan mai a bakin titi, wanda Baffa ya shekara ashirin bai amsa masa gaisuwa da abin da ya wuce “lafiya” ba. Shi ne ya zo mana kwana uku a jere. Ranar farko ya zo da buhun shinkafa, rana ta biyu da jarkar man gyaɗa, ranar sadakar uku kuwa ya zo da wani mutum mai riƙe da doguwar takarda a naɗe, irin ta masu awon fili, wanda ko gaisuwar mutuwa bai iya ba. A cikin gida kuma matan unguwa suna ta kuka, kukan gaske, ban ce ƙarya suke ba. Sai dai matata ta gaya mini cewa tsakanin kuka da kuka wata ta ja ta gefe ta ce, “To bana wa zai jefa mana ƙuri'a?”

Mutum ɗaya ne ban yi shakkar hawayensa ba, wato tsohon malamin gona da suka yi aiki tare da Baffa, wani Kirista mutumin kudancin Kaduna da ya yi ritaya ya zauna a Makarfi. Ya cire hula ya zauna a bakin tabarma. Da ya tashi tafiya ya riƙe hannuna ya ce, “Yau gwamnati ta yi babban rashi, ita ce kawai ba ta sani ba.”

Gonar nan ba ta Baffa ba ce, kuma wannan shi ne abin da ya fi so a sani game da shi. Gonar gwaji ce. Tun muna yara gwamnati ta yanke ta, ta kewaye ta da waya, ta gina sito, ta kawo tarakta da malaman gona suna nuna wa mutane sabon iri da yadda ake zuba takin zamani. Baffa aka ɗauka mai gadi. Ana nan sai zamani ya juya, aka ce noma da saye da sayarwa ba aikin gwamnati ba ne, a bar wa 'yan kasuwa. Aka yi gwanjon tarakta, aka mayar da malamai ofis, wata rana aka zo da mota da takarda aka kwashe kwanon rufin sito. Shi ma Baffa aka ba shi takardar ritaya. Amma ba wanda ya zo ya karɓi gonar daga hannunsa, shi kuma ya ce ba zai miƙa ta ga wanda ba shi ya ba shi ba.

Sai ya samo igiya ya yi mata ƙulli-ƙulli, ya auna gonar ya raba ta kashi arba'in. Duk shekara, da an ga alamar ruwan shuka, sai ya tara waɗanda ba su da gona, ko masu 'yar gayaunar da ba ta kai su kaka, da matan da mazansu suka mutu. Kowa ya kawo guntun kara ya yi masa alamarsa, a zuba a ƙwarya, kamar yadda ake yi in an yi watandar nama. Ba Baffa ke ɗauka ba, kuma ba ɗan gari ba. Tsayawa ake yi a bakin hanya har Allah ya kawo baƙo, yawanci Bafillatana mai tallan nono, a roƙe ta ta riƙa zaro kara tana ajiyewa a kan kashi ɗaya bayan ɗaya. Inda karanka ya sauka nan za ka noma bana. Wanda nasa ya rage a ƙwarya sai haƙuri, sai baɗi. Sharaɗinsa biyu ne kawai: ba mai maimaita wurin da ya noma bara, kuma muddin yana raye ba ɗan gidansa da zai saka kara.

Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala ta canje-canje. Ya ce, “Kai ɗan kasuwa, ka bar Bahaushe a wuri ɗaya damina uku ka gani. Ta farko zai ce gonar gwamnati, ta biyu ya ce inda nake nomawa, ta uku ya ce gonata. Ta huɗu kuwa kai zai kawo wa ka nemo masa mai saye.”

Ɗan kasuwa yake kirana tun ranar da na fara bin motar hatsi, kuma ba da yabo yake faɗa ba. Baffa mutum ne da ya taso cikin siyasar talakawa ta zamanin da, kuma bai sauka daga kanta ba har ya koma ga Allah. A ganinsa aikin gwamnati ne ta sayi amfanin gona da kaka da farashi mai mutunci, ta adana a rumbunta, ta fito da shi da bazara, don kada irinmu mu saya da arha a hannun mai jego mu sayar mata da tsada ranar da yaronta ke kuka. Da baki yake faɗa mini wannan, ina zaune ina cin tuwon gidansa. In rediyo ya ce an cire tallafin taki ko na mai don amfanin talaka, sai ya ɗaga rediyon ya kawo shi daidai fuskarsa ya ce, “Wane talakan? Faɗi sunan unguwarsu.” In aka ce an sayar da wani kamfanin gwamnati saboda ba ya kawo riba, sai ya ce, “Rijiyar masallaci ma ba ta kawo riba, a sayar mana da ita mu gani.”

Kada a ɗauka ya yarda da mutanen gwamnati. Ban taɓa ganin mai zarginsu kamarsa ba. Buhun taki in ya zo ta hannun hukuma, sai ya zura hannu har gwiwar hannu ya damƙo na ƙasa ya murza, yana neman yashi. Lokacin zaɓe in aka kawo shinkafa da atamfa, ba ya ƙi, karɓa yake, amma ba ya godiya. Wani ɗan siyasa ya taɓa tsayawa yana jiran “mun gode”, Baffa ya dube shi ya ce, “In ka dawo mini da akuyata da ta ɓata, ina tambayar ina 'ya'yanta, ba godiya nake ba.” A wurinsa gwamnati gida ce ta kowa da kowa wadda ɓarayi suka tare a ciki, kuma ba ya ganin hikimar a rushe gida don a huce haushin ɓarawo.

Duk shekara bayan girbi yakan sa tsohuwar rigar kakinsa, ya hau keke ya tafi ofishin gona a gari, ya zauna a benci har a kira shi. Maganarsa ɗaya ce: gonarku tana nan, a turo malami, a turo tarakta. A ce masa za a duba. Ya dawo ya rataye rigar a ƙusa. Inna, matarsa, takan ce, “Malam ya je gaida surukansa da ba sa son ganinsa.”

Zan faɗi gaskiya tunda ya riga ya tafi: ni ma na daɗe ina zarginsa. A kasuwa ban taɓa ganin wanda ke tsare abu shekara talatin ba ya lasa ba, saboda haka na ɗauka akwai inda yake ci. Wata kaka na ga ana shiga gidansa da damman dawa daga gonar, na ce a raina yau na kama shi. Na bi su har tsakar gida kamar na zo gaida Inna. Na tarar da shi tsaye yana faɗa, ya sa masu kawowa sun sake ɗaukar kayansu a ka sun fita da su. Da ya juyo ya gan ni, bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba. Cewa ya yi, “Leƙa rumbun ma, tunda ka zo.” Kunya ta hana ni zuwa gidan har wata guda.

Rigimarsa mafi girma da mahaifina ya yi ta, kuma har yau ban iya cewa Baffa ne mai gaskiya ba. Shekaru sun yi ta tafiya gonar tana ramewa, dawa ta koma kamar tsintsiya, ciyawar ƙuduji ta cinye gefen arewa. Dalili a fili yake: wa zai kai takin gidansa wurin da wani zai noma baɗi? Mahaifina ya same shi a zaure, a gaban mutane, ya ce, “Yaya, kashe ƙasar nan kake yi. Ka bar wa kowa wurinsa ya kula da shi, ko ka bari a sayar wa mai hali ya raya ta.” Baffa ya ce, “Mai hali ya raya ta, su kuma arba'in ɗin nan su raya me? Su zama leburorinsa?” Mahaifina ya ce ai lebura mai cin abinci ya fi manomi mai girbin ƙaiƙayi. Daga nan magana ta ɓaci, aka tono har da rabon gadon kakanmu. Shekara biyu ba su ci a kwano ɗaya ba, Sallah ma a masallaci kawai suke haɗuwa.

Bai taɓa cewa ƙaninsa ya yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne. Amma a damina ta uku ya ƙara sharaɗi: duk mai son saka kara sai ya fara zuba mangala biyu ta taki a gonar, kafin a san inda kowa zai faɗa. Mahaifina da ya ji, sai ya aika masa da jakinsa aro. Haka suka shirya, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Akwai shekarar da ƙuri'a ta jefa wata tsohuwa, maƙwabciyarmu da ba ta da ɗa namiji, a kashin ƙarshe na kan tudu, inda tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Kowa ya ce a canja mata, har wanda ya sami wuri mai kyau ya ce ya yarda su yi musaya. Baffa ya ƙi. Ya ce in aka canja yau don tausayi, gobe za a canja don sanayya. Tsohuwar ta tafi tana share hawaye da bakin zane, mu kuma muka ce wannan mutum ba shi da zuciya. Washegari da sassafe aka gan shi a kan tudun da kwando yana tsince tsakuwa. Kwana huɗu ya yi yana wannan aiki, sannan ya yi mata huɗa da garmarsa, yana da shekara saba'in da wani abu.

Saura mako biyu ya rasu ya aiko a kira ni. Na same shi da rana a zaure, an jingina shi da bango, ƙwaryar da igiyar suna gefensa. Bayan mun gaisa ya tura mini su da ƙafa, don hannun ya daina ɗaguwa. Ya ce, “Bana kai za ka tara su.”

Na ce, “Baffa, ni? Ga ɗanka Yaya nan, ga liman, ga mai unguwa. Ni da kake cewa ina shan jinin talaka?”

Ya ce, “Har yanzu ina faɗa. Liman in ya karkata ba mai iya buɗe baki, mai unguwa kuma ana jin nauyinsa. Kai kuwa ba wanda ya yarda da kai a garin nan. Ko tari ka yi za a ce da wata manufa. Abin jama'a ba mutumin kirki yake buƙata ba, ido yake buƙata, kuma a kanka ido ba zai ɗauke ba.”

Ban san ko zagi ne ko yabo ba, har yau ban sani ba. Na ɗauki ƙwaryar na fito raina a ɓace.

Yaya shi ne ɗan farin Baffa, ya girme ni da shekara shida. Mutum ne mai haƙuri da iyali goma sha ɗaya, kuma gonar gidansu in aka raba ta tsakanin magada, abin da zai samu bai wuce a shanya barkono a kai ba. Ranar sadakar bakwai ya ja ni bayan masallaci. Ya ce ba ya neman gonar duka, ya san ba ta gado ba ce, ko da yake Alhaji ya aiko masa cewa in magada suka sa hannu cewa mahaifinsu ne ya raya ta, shi ya san yadda za a yi da sauran. Ya ce, “Na kori 'yan aikensa. Amma ka dube ni, ƙanina. Shekara talatin mahaifina yana gadin abincin wasu, mu muna sayen tiya a wurinka. Kashi ɗaya nake so, na bakin fadama, a bar mini shi. Wa zai ce ban cancanta ba?”

Ba wanda zai ce. Na kwana biyu ina juya maganar. Na shiga wurin Inna tana cikin takaba, ko za ta sauƙaƙa mini. Ba ta kama sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari. Ta ce, “Yayanka yana da gaskiya, Malam ma yana da gaskiya. Ni dai na gaji da gonar nan tun kana yaro.” Ta juya ta ci gaba da jan carbi.

Abin da na sani shi ne, ranar da aka cire kashi ɗaya don Yaya, washegari mai unguwa zai tuna cewa shi ma yana da ƙani, kuma mutumin nan mai doguwar takarda bai yi nisa ba. Na koma na ce wa Yaya sharaɗin hana 'yan gida ya mutu tare da Baffa, ya zuba takinsa ya kawo karansa kamar kowa. Ya dube ni ya ce, “To.”

Ruwan farko ya sauka ranar wata Lahadi, muka taru Litinin da safe a bakin gonar. Kara arba'in da bakwai na ƙirga a ƙwarya, a gaban kowa, sau biyu, don wata mata ta ce ba ta ga ƙirgar farko da kyau ba. Wani ya ce in naɗe hannun rigata. Wani ya karɓi igiyar ya sake auna kashi uku, wai ko na rage. Da Bafillatana ta farko ta ɓullo, aka ce a'a, wannan tana kai nono rumfata a Makarfi, a jira wata. Muka tsaya cikin rana har ta biyu ta zo. Ban taɓa jin an tsane ni a fili haka ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ta fara zarowa tana ajiyewa, muna bin ta a baya kashi bayan kashi. Karan Yaya na san shi, ya ɗaura masa jan zare. Tun daga kashi na talatin nake leƙen hannunta, bakina yana motsi da addu'ar da ban yi niyya ba. Ta ajiye na arba'in, ta miƙo mini ƙwaryar, ta ɗauki kayanta ta wuce. Kara bakwai suka rage, mai jan zare yana cikinsu.

Wani dattijo da ya sami bakin fadama ya fara cewa ai don darajar mamaci a ba Yaya nasa, sai Yaya ya ɗaga masa hannu. Ya matso ya zaro karansa daga ƙwaryar, ya share shi a jikin riga, ya sa a aljihu. Bai dube ni ba da ya yi magana. Ya ce, “Baɗi da shi zan dawo. Kuma ni zan tsaya a hanya in tare mai ɗauka, ba kai ba.”

Tun ranar bai taka ƙofar gidana ba. Na aika masa cewa ga gonata ta bayan gari ya noma rabi, ya ce a gaya mini ya gode. Matarsa ta koma sayen masara a wata rumfar. Makon jiya ina dawowa daga kasuwa na gan shi a hanyar Kudan da fartanya a kafaɗa, zai je ƙwadago a gonakin rake, mutumin da furfura ta gama cin gemunsa. Na tsayar da babur na ce, “Yaya, hau in rage maka hanya.” Ya ce, “Je ka kawai, na kusa.” Saura tafiyar awa guda a gabansa.

Baffa, Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka tsare wa mutane ya tsare ka ranar da ba mai tsare wani. Dawa ta tsiro a kashi arba'in ɗin, ta yi kyau bana. Ɗanka kuma ba ya cikinsu, kuma da hannuna aka yi.